Alewar Da Ba Ta Ga Wuta Ba

Maitama bai iya dafa ko ruwan shayi ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da bakinsa yake ba da labarin yadda ya tara wa maƙwabtansu na College Park 'yan kwana-kwana sau biyu cikin wata ɗaya, har ɗansa ya cire maɓallan murhu ya ɓoye. Ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, don haka ina da ikon yi masa gori, kuma na yi shekara sittin ina yi. Ni Furera, shekara talatin na yi ina girkin biki a Gwammaja ta Kano kafin 'yata Juwairiyya ta ɗauko ni zuwa Largo, nan Amurka. Duk da haka, ranar Lahadin da ta wuce ni na ɗaga waya na ce ya zo, ya taho da kayan haɗin alewar nan ta cakulan da gyaɗa da yake yi. Ban faɗa masa dalili ba. Wajen ƙarfe goma na safe ya danna ƙararrawa, da jakar leda a hannu.

"...ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Jirgin ƙasa biyu na hau don amsa kiran baiwata. In aka ji wannan a Kano sai a ce na lalace."

"Wace ce baiwarka? Cire takalmi, kafet ɗin nan ya fi ka tsafta."

"Ni ɗan namiji, ke 'yar mace. Na tambayi lauya, ya ce dokar tana aiki har a Maryland."

"Lauyan da ya zauna ya saurare ka shi ma ba shi da aikin yi. Shigo ka rufe ƙofa."

Ya shigo, ya tsaya a tsakiyar falo yana buɗe hanci.

"Furera."

"Mene ne?"

"Na san ƙaurin nan. Ni da shi tsofaffin abokai ne. Wa ya yi gobara a gidan nan bai gayyace ni ba?"

"Daga maƙwabta ne."

"Maƙwabtan naki a kicin ɗinki suke kwana?"

Na ja shi ta ƙofar baya, inda na ɓoye tiren a bayan kwandon shara, na ɗaga tawul ɗin da na rufe shi da shi. Ya duƙa ya duba. Ya ciro mukulli daga aljihu ya ƙwanƙwasa. Abin ya yi ƙara kamar daɓen siminti.

"Gini za ku yi?"

Dole na faɗa masa. Jikata Zahra za ta auri wani saurayi ɗan Ghana, Abdul-Kabir. Mahaifiyarsa, Hajiya Muniratu, ta taɓa ɗanɗana alewar da Zahra ta yi, ta yaba ƙwarai, har ta ce ranar da za su zo gaishe mu ita take so ta tarar. A wannan ranar ta Lahadi za su zo, bayan la'asar. Ran Asabar da yamma Zahra ta haɗa abinta, ta bar shi a kan tebur, ta ce in ya huce in sa mata a firji, suka fita da uwarta. Aikin da aka ba ni ke nan, in ɗaga tire in buɗe firji.

"To yaya tire ya ɓata hanya?"

"Na duba na ga ɗanye ne."

"Ɗanye."

"Ban ga ta kunna murhu ba. Gyaɗa tana ta naso, ga mai ya kwanta a gefe. Wace yarinya ce za ta miƙa wa uwar miji niƙaƙƙiyar gyaɗa da manta a jiki, ba a matse ba, ba a soya ba? Ai sai su koma gidansu a Landover suna cewa gidan babu babba."

"Kada ki ce min kin matse man."

"Na kankare cakulan ɗin sama na ajiye gefe. Na juye sauran a roba."

"Kika zuba ruwan zafi."

"Da me ake fitar da mai in ba ruwan zafi ba?"

"Kika yi ta juyawa kamar mai ƙuli-ƙuli."

"Innarka ma haka take yi, kana zaune kana lasar robar."

"Man ya fita?"

"Rabin kofi."

"Sai kuma me?"

"Na mayar a tire, na shafa cakulan ɗin, na sa a obin na gasa. Minti arba'in."

Ya nemi bango ya jingina. Daga nan ya sulale ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, yana irin dariyar nan da ba ta fitar da sauti, sai kafaɗu ke rawa. Dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu. Na tsaya ina kallon shingen maƙwabta. Da wani ne ba shi ba da na kore shi. Shi kuwa haƙƙinsa ne, ba ni da ta cewa.

"Me Zahra ta ce?" Yana share ido da hularsa.

"Ta ce ba komai. Da Turanci ta faɗa. Ta ce kayan haɗin sun ƙare, za ta sayo kek a kanti in ta taso daga aiki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ƙarfe biyu za ta dawo. Tashi."

A kicin ya zazzage jakar a kan tebur: biskit, sukarin gari, bota, kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa, ƙwayoyin cakulan, har da kofin awo na roba da ya rubuta sunansa a gindi.

"Kafin mu fara, durƙusa ki gaida malaminki."

"In na durƙusa kai za ka ɗaga ni? Kai da ake kama wa hannu a matakala."

"To ki ce Allah ya gafarta Malam."

"Allah ya gafarta maka, don kana da buƙata. Me zan fara yi?"

"Daka biskit."

Na juya zan buɗe kabad.

"Ina za ki?"

"Turmi zan ɗauko."

"Ki tashi unguwa ranar Lahadi? Bangonku ɗaya da mutane. Ga leda, zuba a ciki, ki zuge bakinta, ki bi ta kai da kwalba."

"Daka a leda. Da mahaifiyata ta ga wannan da ta ce ba ita ta haife ni ba."

"Da ta ga na bayan kwandon shara fa, me za ta ce?"

Na shiga murzawa. Biskit ɗin ya zama gari cikin minti biyu, abin da ya ƙara ba ni haushi.

"Kofi biyu na garin biskit, kofi biyu na sukari."

Na cusa hannu na ɗebo.

"Da kofi na ce."

"Hannun nan ya auna shinkafar mutum ɗari biyar bai yi kuskure ba."

"An dakatar da shi daga aiki sai an gama bincike. Karɓi kofi. Ki cika, ki share bakinsa da wuƙa, kada ya yi tozo."

"Wai kai ne yau kake min lissafi. Lokacin da nake sakandare kai kana maimaita aji, har malamai suka fara gaishe ka da safe."

"Ƙaunar makaranta ce ta riƙe ni. Ke da kika wuce da sauri, a wane aji aka koya muku gasa alewa?"

Ya yanka bota ya sa a kwanon tangaran, ya tura cikin maikirowef, ya danna da ɗan yatsa ɗaya, yana ƙanƙance ido kamar mai tuƙa jirgin sama.

"Ai ga wuta nan ka kunna," na ce. "Ashe dai ba a raba abinci da wuta."

"Wannan wuta ce mai tarbiyya. A ce mata daƙiƙa talatin, ta yi talatin ta tsaya. Ba ta ganin kayan mutane ta ce bari in gyara."

Muka juye narkakkiyar botar a kan garin, ya sa na ƙara kofi guda na gyaɗa, na shiga juyawa da cokali. Can sai mai ya fara ƙyalli a gefen kwanon. Wallahi yatsuna suka fara ƙaiƙayi.

"Na ga idonki," in ji shi. "Bar man nan. Shi ke haɗa kansu in sun ji sanyi. Shi ne mai aikin, ke kuma jiya shi kika fara kora."

"A garinmu mai a kwalba yake zama."

"A garinku ne. Nan sai ki bar shi inda kika same shi."

Ya sa cokali ya ɗebo ya kai baki. Ya sake. Ya sake na uku.

"Rabin kwanon a cikinka zai ƙare."

"Binciken lafiya nake yi, surukai ne za su ci. In akwai guba gara ta kashe ni."

"Da kuwa an huta. Likitanka ya san kana haɗiyar sukari haka?"

"Likitana yaro ne mai ladabi, ba ya tambayar manya abin da suke ci."

Ya shimfiɗa farar takarda a tire, ya bar bakinta ya zarto ta gefe, wai don a ɗaga abin gaba ɗaya in ya daskare. Na juye haɗin, ya ba ni kofi ya ce in danna da gindinsa har ya yi sumul. Wannan kam ban bari ya yi magana ba. Na danne shi lungu-lungu, ya yi santsi kamar an goge.

"Ba laifi," ya ce. "In kika dage za ki iya zama 'yar aiki."

Sai cakulan. Ya zuba ƙwayoyin a kwano, kofi ɗaya da rabi, ya ƙara cokali huɗu na gyaɗa. Ya sa a maikirowef daƙiƙa talatin, ya fito da shi ya juya, ya mayar, ya sake juyawa. Sau uku ya yi haka.

"Ka bar shi mana sau ɗaya ya narke."

"Ya ƙone ya dunƙule. Na gwada, kwana biyu gidanmu yana wari."

"Ita gyaɗar fa, me ta zo yi a cikin cakulan?"

Ya ajiye cokali ya dube ni.

"A rubuta ranar yau, Furera ta yi tambaya. Tana hana shi yin tauri ne, don kada ya farfashe in an zo yanka."

Na zuba cakulan ɗin a sama, na bi da bayan cokali har ya rufe ko'ina. Na ɗauki tiren da hannu biyu. Gaskiya zan faɗa, ƙafata ce ta ɗauke ni, ba da niyya ba. Sai gani na yi ina tsaye a gaban obin, Maitama ya riga ni, ya tokare ƙofar da bayansa ya buɗe hannuwa.

"Hagu, baiwata. Firji yana hagu."

Na juya na sa a firji na rufe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba turarawa, ba suya, ba komai?"

"Awa biyu. In ya kama ki ɗaure hannuwanki da ɗankwali."

Na dafa masa shayi, don dai baƙo ne ko da ba shi da mutunci. Muka zauna a falo. Sau biyu na tashi zan leƙa firjin, sau biyu ya yi gyaran murya na koma.

"Wa da wa za ka faɗa wa?" na tambaye shi.

"Kaɗan ne. Zauren dangi na waya, mutum tamanin da uku. 'Yan sahun gaba ranar Juma'a. Sai direban bas ɗinmu, shi mutumin Habasha ne, amma zan nemi tafinta."

"Ka faɗa, ni ma in faɗi ranar da akuyar Malam Rilwanu ta kore ka har cikin kwata."

"Kin faɗa sau ɗari. Akuyar nan jikokin jikokinta ma an yi layya da su. Nawa sabo ne, da ɗuminsa. Har riguna zan sa a buga, a rubuta sarauniyar girkin Gwammaja ta matse alewa."

"Allah ya isa tsakanina da Kawu da ya haife ka."

"Ya riga ya ce ya yafe miki, ya san ba ki da lafiya."

Na kurɓi shayi. Abin yana cina tun safe, don haka na tambaya.

"Wai kai wa ma ya koya maka? Na san ba daga kanka ya fito ba."

"Zahra."

Na ajiye kofin.

"Bara, bayan rasuwar matata Sa'adiya, ta kawo min tire guda. Na cinye a kwana biyu. Na kira ta na ce, amarya, yaya ake yin abin nan? Ta kunna bidiyo a waya ta yi awa guda tana nuna min, da gurguwar Hausarta. Ta ce ni ne na farko a dangi da ya taɓa tambayar ta yadda ake yin wani abu."

Ya dube ni ta saman kofinsa.

"Ke kin taɓa tambayar ta?"

"Me za ta koya min? Ni na goya ta."

Ya ci gaba da hura shayinsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Yau ba ta shigo ɗakina ba," na ce. "Kullum kafin ta fita sai ta shigo ta zauna a bakin gado ta dame ni da surutu. Yau daga ƙofa ta ce ina kwana, ta wuce."

Ya ajiye kofinsa.

"In ta dawo," ya ce, "kada ki ce mata ai don ita kika yi. Na san ki. Ki faɗi abin da kika aikata ki rufe baki."

"Yanzu kuma tarbiyya za ka koya min?"

"Gyara ce, tare take zuwa da darasin."

Muka yi sallar azahar. Ƙarfe biyu da kwata mota ta tsaya a waje. Juwairiyya ta shigo da ledojin cefane, Zahra na bayanta cikin kayan aikin asibiti, riƙe da kwalin kek na kanti. Ganin kwalin nan ya fi min dariyar Maitama ciwo.

"Amarya," in ji shi, "ashe da gaske za ki bar ni ki bi mutumin Kumasi? Da me ya fi ni?"

"Da haƙora, Kaka Maitama."

"Kin ji irin tarbiyyar da kika ba ta, Furera?"

Ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Na wuce kicin, suka biyo ni. Na buɗe firji na fito da tiren na ajiye a kan tebur. Ya daskare sumul, saman yana sheƙi. Zahra ta matso, ta danna kusurwa da ɗan yatsa. Ta dubi Maitama, ta dube ni.

"Wa ya yi?"

Maitama ya kafa min ido. Da na ce ni ce, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don hannuna ne ya murza, ya juya, ya danna.

"Hannuna ne, amma kansa ne. Ni na kira shi. Zahra, na ɓata miki aiki jiya. Kin ce in sa a firji, na ga kamar na fi ki sani. Ban tambaye ki ba."

Sauran maganar ta taso har maƙogwaro, cewa ai mutuncinta nake karewa. Na haɗiye ta. Ta fi dutsen da ke bayan kwandon shara wuyar haɗiya.

Zahra ba ta ce ba komai ba a wannan karon. Ta ɗaga kwalin kek ɗin ta ɗora can saman firji. Ta kama bakin takardar ta ɗaga alewar gaba ɗaya ta ajiye a kan katako. Ta ciro wuƙa, ta tara ta a ruwan zafi na famfo, ta goge, ta miƙo min.

Na riƙe wuƙar. Na yanka raguna da ba na iya ƙirgawa a gidajen biki, amma na tsaya.

"Yaya ake yanka shi?" na ce.

Maitama ya yi tari.

"A bari ya sha iska kaɗan," in ji Zahra. "Sannan ki danna, Kaka. Kada ki ja kamar nama."

Muka jira minti biyar, Juwairiyya na jera tumatir a firji tana kallonmu ta gefen ido. Layin farko ya karkace. Zahra ta gyara min riƙon wuƙar, ta ce a sake ɗumama ta. Na biyu ya tafi daidai. Ta ɗauki ɗan guntun gefe ta ci, ta gyaɗa kai, ta miƙo min wani. Na ɗanɗana. Ɗanye ne, har gobe ina kan bakana. Amma da daɗi.

"Bota ta ɗan yi yawa," ta ce wa Maitama.

"Kakarki ce ta auna."

"Ƙarya yake, shi ya yanka."

Ta yi dariya ta jingina da kafaɗata, da warin asibiti a jikinta. Ban ture ta ba.

"To," in ji Maitama, "ɗazu kunnena bai ji sosai ba. Kan wa aka ce?"

"Kanka."

"A ɗaga murya, akwai shaidu."

"A wannan abu ɗaya ka fi ni. Ɗaya, cikin shekara sittin."

Na miƙa hannu bango na sauko da muciyar da na taho da ita daga Kano, wadda ko Juwairiyya ba na bari ta taɓa. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ta sama kamar an ba shi sandar girma, ya zagaya teburin yana taku ɗai-ɗai. Nan dariya ta ƙwace min, ta farko tun jiya.

Juwairiyya ta riƙe ciki. "Inna, wallahi sai na ba Hajiya Muniratu labarin nan in sun zo. Matse mai, obin minti arba'in. Za ta yi dariya har ta faɗi daga kujera."

Dariyata ta tsaya. Ban ce a'a ba, don ni na jawo.

Maitama ya sauke muciyar.

"A'a, Juwairiyya. Ke ma Zahra, ki ji. Baƙin nan su ci alewarsu su tafi, kada wanda ya ambaci obin, yau ko bayan biki. Ni kaɗai aka ba lasisin wulaƙanta matar nan. Don Allah ku bar min labarin. A tsakanina da ita zan riƙa gutsura kaɗan-kaɗan, zai kai mu shekara goma."